Akuyar da Ke Nutsewa

Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya sauka a Leeds,
ruwa na bin gilashin taga kamar bai san inda za shi ba.
Saura kwana biyu a rufe fom ɗin jami'a,
gurbi biyar na kallona, ban cike ko ɗaya ba.

Baba ya dawo daga kemis, rigarsa na warin magani.
Ya leƙa allon ya ce, "Huwaila,
yanzu wasa ma sai an je jami'a?
Bashin da za ki ci, sai kin yi furfura kina biya."
Na yi shiru.
Rabin gaskiya na bakinsa, ɗaya rabin ban san inda na ajiye ba.

Kwas na farko: tsara wasannin bidiyo.
Zuciyata ta riga ni can, ta shimfiɗa tabarma, ta miƙe ƙafa.
Amma na tuna yayan Oliwia,
shekara uku yana ƙera duwatsu da gajimare a wani kamfani,
ranar wata Talata ya dawo gida da kwali a hannu.

Na biyu: kimiyyar kwamfuta.
Busasshe kamar ƙanzo,
lissafi bisa lissafi, babu dodo ko ɗaya a manhajar.
Sai dai ƙanzo in ya jiƙa yana riƙe ciki.

Na uku zane ne mai motsi. Wannan na san hannuna bai kai ba:
dokin da na zana bara, ƙanena ya ce kyakkyawan kare ne.

Malama Pritchard ta ce da ni a bakin ɗakin karatu,
"Takarda za ta buɗe miki ƙofa,
amma in kin shiga, cewa za su yi: nuna mana abin da kika gina."

Abin da na gina akuya ce.
Wata takwas ina kiwonta a tsohuwar kwamfutar Umma.
Tana ratsa kasuwa, tana satar alayyahu,
mai tumatir na binta da takalmi.
Tana tsalle lafiya lau,
amma duk ta dira kusa da rumfa ta bakwai
sai ƙasa ta haɗiye ta.
Ta yi ta faɗawa cikin baƙin wuri, ƙafafu na harbin iska,
ni kuma ban san dalili ba.

Na miƙa wa Baba madannin don in huce haushi.
Ya riƙe shi kamar jaririn wani.
Akuya ta ci alayyahu, ya murmusa.
Takalmi ya same ta, ya ce, "Kai, wannan mutumin mugu ne!"
Rumfa ta bakwai: ta nutse.
Ya sake. Ta nutse.
Shayinsa ya huce, bai lura ba.

Can ya ce, "Kakanki a Gusau, da yatsa yake haƙa ramukan dara.
Ba ya barin a fara sai ya ƙirga su,
ya share wanda ya karkace, ya sake haƙawa.
Yana cewa rami ɗaya in ya ɓaci, an zalunci mai wasa."
Ya nuna allon da haɓa.
"Wane kwas ne zai koya miki toshe wannan?"

Na ce, ƙanzon.

Na cike gurbi uku da shi, biyu na bar wa zuciya,
don kada ta ce na naɗe mata tabarma.
Ban aika ba tukuna. Akwai gobe.

Sha biyun dare na fito shan ruwa,
na tarar da haske a falo.
Baba ne, da tabarau a kan hanci,
yana lallaɓa akuyata ta bayan rumfa ta shida,
yana neman wata hanya.